Yawan ambato ba ya kashe sauro

Duk lokacin da kwamiti ya zauna zai auna mai bincike kan sauro da zazzaɓin cizon sauro, ko don ƙarin girma, ko tallafin bincike, ko lambar yabo, abin da ake fara buɗewa shi ne shafinsa na Google Scholar ko Scopus. Ido ya sauka kan lambobi uku: maƙala nawa ya wallafa, sau nawa wasu suka ambace su, nawa ne ma'auninsa na h. Daga nan a duba jerin waɗanda ya yi aiki da su, in an ga sunayen manyan jami'o'in Turai da Amurka sai a gyaɗa kai. Cikin minti biyar an yanke hukunci a zuci, sauran zaman cika sharaɗi ne. A ganina, a wannan fanni musamman, irin wannan awo yana yawan ɗaga wanda bai kai ba, ya danne wanda aikinsa ne ya sa aka sauya gidan sauron da miliyoyin yara ke kwana a ciki.

Ma'aunin h wani masanin fiziya ne, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. In an ce h ɗin mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙaloli 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Lambar ba ta san ko shi ne marubuci na farko ba ko na sittin. Ba ta taɓa sauka, ko da mutum ya shekara goma bai leƙa ɗakin gwaje-gwaje ba. Ba ta kuma bambance ambaton yabo da na gyara kuskure.

To, wace irin maƙala ce ke tara ambato a ilimin sauro? Na farko, maƙalar da ta bayyana dabarar aiki, irin gwajin PCR (gwajin ƙwayoyin halitta) na 1993 da Scott da abokan aikinsa suka fitar don rarrabe dangin Anopheles gambiae, babban sauron da ke yaɗa maleriya a Afirka, wanda kusan duk mai aiki da wannan sauro sai ya ambata. Sai maƙalolin bita, masu tattaro abin da wasu suka riga suka gano. Sai ayyukan gayya, kamar karanta tsarin halittar Anopheles gambiae da aka wallafa a 2002 da sunaye fiye da ɗari. Duk ayyuka ne masu daraja, ba a ce ba. Amma rahoton da ya nuna cewa a gundumomi kaza, a daminar bana, maganin da ke jikin gidan sauro ya daina kashe ko da rabin sauron, da ƙyar ya samu ambato goma a rayuwarsa. Shi ne kuwa takardar da mai kula da shirin yaƙi da maleriya na ƙasa zai ajiye a gabansa ranar da zai zaɓi irin gidan sauron da za a raba na shekara uku masu zuwa.

Mu duba yadda ake samo wannan lamba guda, don a ga abin da shafin ambato ba ya iya nunawa. Gwajin bututu na Hukumar Lafiya ta Duniya yana buƙatar macen sauro mai kwana 3 zuwa 5 da zama cikakken sauro, wadda ba ta taɓa shan jini ba. Ana ɗebo tsutsar sauro daga kududdufai, a raine ta har ta zama sauro, a saka 20 zuwa 25 cikin kowane bututu. Bututu huɗu an shimfiɗa musu takarda mai magani a ciki, misali deltametirin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100, biyu kuma takarda ce marar magani don kwatantawa. Sauron ya yi awa ɗaya cif, a mayar da shi bututu mai tsabta, a ɗora masa auduga mai ruwan sukari, a ƙirga matattu bayan awa 24. In kashi 98 zuwa sama suka mutu, maganin yana ci. Ƙasa da kashi 90, sauron ya bijire. Tsakanin nan, sai an sake gwaji. In fiye da kashi 20 suka mutu a bututun da babu magani, aikin gaba ɗaya ya tashi a banza.

A takarda abu mai sauƙi. A aikace kowane mataki yana da ramin da ake faɗawa. Wanda ya kwashi tsutsarsa duka daga kududdufi ɗaya, mai yiwuwa 'ya'yan uwa ɗaya ko biyu ya auna, ya kira su sauron gunduma. Wanda ya yi amfani da sauro mai kwana goma zai ga mutuwa ta yi yawa, domin tsohon sauro ya fi saurin mutuwa, sai ya ba da rahoton cewa magani yana aiki alhali ba haka ba ne. Takardar maganin ba a amfani da ita fiye da sau shida, kuma zafi yana kashe ƙarfinta in ba a adana ta a firji ba, shi ya sa mai hankali yake fara gwada ta a kan sauron Kisumu, irin da aka san bai bijire wa kowane magani ba. Ɗakin gwajin yana son zafi kusan digiri 27 da damshin iska kusan kashi 75, abin da ba ya samuwa in lantarki yana yanke wa mutum tsakar rana. Sannan gambiae da coluzzii da arabiensis, ire-iren sauro uku na dangi ɗaya, kama ɗaya suke ko a ƙarƙashin madubin likita. In ba a rarrabe matattu da rayayyu da PCR ba, ana iya cewa kashi 70 sun mutu, alhali iri ɗaya ne ya ƙare kaf, ɗayan kuma ko gezau bai yi ba. Mai binciken da ya kiyaye duk wannan shekara bayan shekara, a wurare iri ɗaya, har aka iya ganin yadda bijirewa ke hawa, ya yi aikin da ya fi maƙalar bita goma. Shafinsa dai ba zai faɗa ba.

Sai batun lokaci. Ma'aunin darajar mujalla da jami'o'i ke bauta wa yana ƙirga ambaton shekara biyu ne kacal. Ilimin sauro kuwa tafiyar hawainiya yake yi. A 1984 aka gwada gidan sauro mai maganin fametirin a bukkokin gwaji a Burkina Faso. A 1991 aka wallafa binciken Gambiya da ya nuna yana rage mutuwar yara. Aka biyo da manyan gwaje-gwaje a Navrongo ta Gana da Kilifi ta Kenya da Burkina Faso a tsakiyar shekarun 1990. Sai a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a raba wa kowa da kowa a yankunan da cutar take. A 2015 ne ƙiyasin masu taswirar maleriya ya fito a mujallar Nature: an kauce wa kamuwa kusan miliyan 663 a Afirka tun daga 2000, kashi 68 cikin 100 albarkacin gidan sauro. Shekara talatin da ɗaya ke nan daga bukka zuwa wannan lissafi, kuma maƙalar ƙarshen ta fi ta farkon tara ambato nesa ba kusa ba.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na maganin kulofenafir, domin ya nuna inda basirar mai binciken sauro take. Gwajin da aka saba yi wa gidan sauro shi ne a kifa wa sauro biyar ɗan mazurari a jikin ƙyallen na minti uku, da rana, a duba ko sun faɗi cikin awa ɗaya ko sun mutu cikin awa 24. An tsara shi ne don magungunan dangin firetiroid, irin su fametirin da deltametirin, masu bugun jijiya nan take. Kulofenafir ba haka yake aiki ba. Sai ya shiga jikin sauro, sinadaran jikin sauron da kansu su juya shi ya zama guba, sannan ya toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke samar da kuzari. Ya fi ci da dare lokacin da sauro ke shawagi yana neman jini, kuma mutuwar takan kai awa 72. A gwajin mazurari sai ya zama kamar maganin banza. Da an tsaya nan, da an jefar da shi.

Abin da ya cece shi bukkokin gwaji ne a Benin da Tanzaniya. Bukka ce mai ƙananan tsaga da sauro zai iya shiga amma fita ta yi masa wuya, da baranda mai raga da ke kama wanda ya nemi tserewa, an kewaye ta da kwatar ruwa don kada tururuwa su shigo su kwashe gawar sauro kafin safiya, abin da zai ɓata lissafi gaba ɗaya. Ana wanke gidan sauron sau 20, a huda masa rami shida masu faɗin santimita huɗu-huɗu don ya yi kama da wanda ya tsufa a gida. Masu kwana a ciki suna juyawa daga bukka zuwa bukka kowane dare, gidajen sauron ma ana juya su, domin wani mutum ya fi wani jan sauro, wata bukka ta fi wata kusa da fadama. Da asuba a tsince kowane sauro, na ƙasa, na bango, na cikin raga, na baranda, a rubuta mai jini da marar jini, matacce da rayayye. Daga nan aka je manyan gwaje-gwaje na ƙauyuka: na Misungwi a Tanzaniya da aka wallafa a 2022 ya nuna Interceptor G2, gidan sauro mai haɗin kulofenafir da firetiroid, ya rage kamuwar yara da kashi 44 cikin shekara biyu idan aka kwatanta da gidan sauro mai firetiroid zalla, na Benin a 2023 ya nuna kashi 46. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da cikakkiyar shawara a kansa. Waɗanda suka dage cewa ma'aunin ne ke da matsala, maganin lafiyarsa ƙalau, su ne suka buɗe wannan ƙofa, da maƙaloli a mujallun da kwamitin ƙarin girma zai iya wucewa bai ɗaga kai ba.

Yanzu haɗin gwiwa. Babu mai musun cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a wannan aiki. Gwaji guda na ƙauyuka yana buƙatar masanin ƙwari, likita, masanin ƙididdiga, masanin halayyar jama'a, kamfanin da ya ƙera kayan, da ma'aikatar lafiya. Matsalar ita ce ana ƙirga abokan aiki kamar yawansu ne daraja, ba a tambayar wa ya yi me. Kuma tsohuwar cuta ce. Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya ranar 20 ga Agusta 1897, ya kammala zagayenta a jikin tsuntsaye a shekarar da ta biyo. Giovanni Battista Grassi da abokan aikinsa a Italiya su ne suka tabbatar cewa sauron anofilis (Anopheles) ke ɗaukar ta tsakanin mutane. Lambar Nobel ta 1902 Ross kaɗai ya karɓa, mutanen biyu suka ƙare rayuwarsu suna gaba, mataimakan Ross Indiyawa kuwa da suka kamo masa sauron sai mai tonon tarihi ne ya san da su.

Har yau bayanan da ake gina lissafin yaɗuwar cutar a kai daga ƙafar wani suke fitowa. Mutum ne zaune a kan kujera daga ƙarfe shida na yamma zuwa shida na safe, ko rabin wannan in ana karɓa-karɓa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, tocila a hannu, bututun zuƙa a baki. Sauro na sauka ya zuƙe shi kafin ya ciza, ya hura shi cikin kofi mai lambar awa. Gyangyaɗi ya fi kama shi bayan tsakar dare, daidai lokacin da cizon ya fi yawa, don haka ingancin bayanan ya dogara ga mai sa ido da ke zagayawa a cikin duhu. Da safe wani ya zauna ya tantance su ɗaya-ɗaya, ya saka kowanne a ƙaramar kwalba da ƙwayoyin silika masu tsotse damshi don kada ya yi funfuna. Wani ya yanke kai da ƙirji ya ware ciki, domin ƙwayar cutar da ke ciki ba ta kai matsayin harbi ba tukuna. In gwajin ELISA, wanda ke gano ƙwayar cutar a jikin sauro, ya nuna akwai cuta, mai lura zai dafa samfurin minti goma ya maimaita, tunda jinin dabbobi yakan ba da sakamakon ƙarya. Bayan duk wannan kwalaben su hau jirgi, a karanta ƙwayoyin halittarsu a wata nahiya, a rubuta maƙala a can. Sunan farko ɗalibin can ne, na ƙarshe farfesan can, waɗanda suka tsara kamun suka kula da shi shekara biyu suna tsakiya, masu kamun kuwa suna layin godiya in an tuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana kare wannan da ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci, wadda ta ce marubuci sai ya cika sharuɗɗa huɗu, ciki har da sa hannu a rubutu ko gyaransa da amincewa da kwafin ƙarshe. Abin da ba a karantawa shi ne ƙa'idar da kanta ta ce duk wanda ya ba da babbar gudummawa wajen tsara aiki ko tattara bayanai, a ba shi damar shiga sauran matakan. A ƙi aika wa mutum daftari sannan a ce bai gyara ba, wannan wayo ne. Ta ɗaya ɓangaren ma akwai laifi, kuma ba a cika son faɗarsa ba: shugaban sashe ko daraktan cibiya da ake liƙa sunansa a kowace maƙala don shi ke sa hannu a takardar izini. Irin wannan yana iya tara h mai tsoratarwa bai taɓa feɗe sauro ba, matashin da ya yi aikin yana ƙarƙashinsa ba ya iya tari.

Wanda ke son sanin gaskiyar haɗin gwiwa ya bi sawun kuɗi. A farkon 2021 aka sanar da tallafin dala miliyan 30 daga shirin shugaban Amurka na yaƙi da maleriya don binciken yadda ake gudanar da ayyukan yaƙi da cutar, ga gamayyar cibiyoyi bakwai da ke Amurka da Birtaniya da Ostireliya. Masana shida 'yan Afirka, ciki har da Fredros Okumu na cibiyar Ifakara ta Tanzaniya da Ngozi Erondu, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a Nature Medicine suna tambayar yadda aka yi babu cibiyar Afirka ko ɗaya a jagorancin, alhali nahiyar ce ke ɗauke da kusan kashi 94 cikin 100 na masu kamuwa, a shekarun da duniya ke ganin kamuwa fiye da miliyan 200 duk shekara. Akwai kuma kuɗin gudanarwa, wanda da shi ake biyan lantarki, gyaran firiza, albashin akanta. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daɗe tana ƙayyade wa cibiyoyin waje kashi 8 cikin 100, jami'o'in cikin gida da yawa kuwa sun saba karɓar fiye da kashi 50. Ɗakin kiwon sauro ba ya jiran tallafi na gaba: kwana kaɗan babu mai kula da shi ko zafi ya wuce kima, irin da aka shekara biyar ana raino ya ƙare.

Akwai aikin da tsarin ambato yake hukuntawa kai tsaye, wato sa ido. Anopheles stephensi, sauron biranen kudancin Asiya da yankin Larabawa, an gan shi a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ba da rahoton kamuwa 27 kacal. Zuwa 2020 ta haura 73,000. Aka gan shi a Habasha da Sudan a 2016, daga baya Somaliya, Nijeriya, Kenya, Gana. Yana hayayyafa a tankunan ruwa da rijiyoyin wuraren gini, inda masu neman tsutsar gambiae ba sa leƙawa, tarkunan da aka saba ba sa kama shi sosai, kuma littafin tantance anofilis na Afirka da aka daɗe ana amfani da shi ba ya ɗauke da shi sai bugun Maureen Coetzee na 2020. Wanda ya duba tankuna ɗari biyu a birni bai samu ko ɗaya ba ya yi wa ƙasarsa babban aiki, amma wace mujalla ce za ta yi rububin buga "ba mu samu ba"? In ba a lissafa masa ba, badi ba zai koma ba.

Ban ce a watsar da lambobi ba. Suna da amfani guda babba: suna kare wanda ba shi da uban gida. In aka bar komai ga ra'ayin kwamiti, sanayya za ta shigo ta ƙofar baya. Kuma in aka ce dole kowane bincike ya sauya manufar gwamnati, an kashe irin aikin da aka yi a Mali, inda aka ɗaga raga mai danƙo da balan-balan zuwa tsayin mita 40 zuwa 290 aka kamo anofilis yana tafiya da iska cikin dare. Wannan bai sauya odar gidan sauro ko ɗaya ba, amma ya girgiza tunanin cewa za a iya kawar da cutar a yanki guda a kulle ƙofa. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan yadda ake auna aikin masu bincike ma ba ta hana ƙirga ba, cewa ta yi kada a auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki.

Abin da nake nema daga kwamiti bai fi aikin yini guda ba. A ce wa mai neman ya zaɓi maƙaloli biyar, a karanta su da gaske, musamman sashen yadda aka yi aikin: sauro nawa, daga wurare nawa, mai kwana nawa, an rarrabe iri ko ba a rarrabe ba. A kowacce ya faɗi rawar da ya taka, tunda tsarin CRediT na bayyana gudummawar kowane marubuci ya riga ya fayyace rawa 14 kuma mujallu da yawa suna bugawa. A cire ambaton da ya yi wa kansa, a ware maƙalolin gayya gefe a sake lissafi. A tambaye shi wace shawara ce ta shirin ƙasa ta dogara da bayanansa, ya kawo takarda. A tambayi ina ɗanyen bayanansa suke, wani zai iya saukewa? Aikin binciken maleriya na Garki da ke Jigawa ta yau, na 1969 zuwa 1976, har yau masu lissafin yaɗuwar cutar suna gwada ƙididdigarsu da bayanansa, saboda an tattara su da tsari an kuma adana. In babba ne, a duba ɗalibansa: nawa ne suka fito a sunan farko, nawa ne yanzu ke riƙe da tallafi da sunansu. In ya shekara goma sha biyar yana aiki da cibiya guda a ƙasar da cutar take, har yanzu kuma ana aika masa sauro don PCR ɗin da na'ura guda da horon wata uku za su wadatar, a rubuta wannan ma a fayil ɗinsa.

Su kuma masu shiga haɗin gwiwa, maganar suna da samfur ana yin ta ne kafin a kama sauron farko, a rubuce. Maƙala nawa ake sa ran fitarwa, wa zai jagoranci wacce. Kowane samfur da zai ƙetare iyaka a bar kwafinsa, ko da ƙafafu biyu ne na sauron a kwalba mai lamba ɗaya da ta wanda ya tafi, domin sun isa a ciro ƙwayoyin halitta. A sa ranar da bayanai za su dawo, a kuma sa cewa duk wani sabon bincike da za a yi da waɗannan kwalabe nan gaba sai da izinin cibiyar da ta tattara su.